Lambu a firamaren gwamnati ta cikin gari: ya cancanci wahalarsa kuwa?

Tambaya: Shugabar wata makarantar firamare ta gwamnati da ke tsakiyar gari ce ta aiko. Tana da ɗalibai kusan 600 da wani ɗan fili a bayan azuzuwa wanda ba a yin komai da shi. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ba da shawarar a mayar da filin lambu, wasu malamai kuma na ganin ƙarin aiki ne kawai a kan wanda ya riga ya yi musu yawa. Tana so ta san ko lambun na da amfanin da ya kai a sha wahalarsa, in kuma za a yi, ta ina za a soma.

Amsa: Malama, yana da amfani, amma sai kun tsayar da irin amfanin da kuke nema tun kafin a sa fartanya a ƙasa. Lambun makaranta aji ne marar rufi. In an ɗauke shi a haka, aka ba shi gurbi a jadawalin darussa, aka samu ruwa da mutumin da alhakinsa ke wuyansa, zai biya wahalarsa. In kuwa an ɗauke shi gonar da za ta ciyar da makaranta, ko abin nuna wa baƙi ranar bikin buɗewa, to malaman da ke ƙorafi su ne da gaskiya, kuma kafin shekara ta zagayo ciyawa za ta tabbatar da maganarsu.

Bari a fara kawar da batun ciyarwa, don shi ne ke yawan ruɗar kwamiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 6 zuwa 9 na bukatar aƙalla giram 350 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, mai shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Ku ajiye wannan ma, ku ce giram 100 kacal za a ba kowane yaro. Yara 600 sun ci kilo 60 ke nan a rana guda. Kwami mai kyau a hannun masu koyo yakan ba da kilo 2 zuwa 3 na ganye a kowane murabba'in mita a shuka ɗaya. Lambu mai murabba'in mita 30 zai ba ku kilo 60 zuwa 90 bayan wata biyu ana ban ruwa. Abincin rana ɗaya da rabi ne, in an yi sa'a. Duk wanda ya yi wa iyaye alƙawarin da ya wuce haka ya shirya wa lambun zargi ne tun bai tsiro ba.

Binciken da aka yi ma bai goyi bayan babban alƙawari ba. A Austin ta jihar Texas a Amurka an gwada wani shiri a makarantun firamare 16, da yara sama da 3,000, inda aka haɗa lambu da darasin girki da na abinci mai gina jiki. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna yaran sun ƙara cin kayan lambu, amma ƙibarsu ba ta ragu ba. Wani gwaji a makarantu 23 na Landan, wanda aka wallafa a 2014, bai ga wani canji na a zo a gani ba a abin da yaran ke ci. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya ta yi irin wannan aiki a Nepal da Burkina Faso, abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙaruwar sani, cin kuwa bai canza sosai ba. Dalili ba ɓoyayye ba ne: yaro ba shi ke cefane ba, ba shi ke ɗora tukunya ba. Abin da lambu ke iya yi shi ne ya sa yaron da ke ture ganye gefen kwano ya yarda ya ɗanɗana, musamman in shi ya shuka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma iyakarsa ke nan in ba a jawo iyaye ciki ba.

Inda ribar take a wajen koyo ne. Wani nazari na 2013 da ya tattara bincike 48 da aka yi a Amurka tsakanin 1990 da 2010 ya ga mafi yawansu sun nuna ci gaba a karatu, kimiyya ce kan gaba, sai lissafi da harshe, ko da yake masu nazarin sun ce da yawa daga binciken ba su da tsari mai ƙarfi. Ko babu takardar bincike, duk malamin da ya koyar da kimiyyar firamare ya san matsalar. Yaron cikin gari yakan haddace cewa saiwa na shan ruwa, ganye na bukatar rana, ya rubuta a jarrabawa ya ci, alhali bai taɓa riƙe saiwa a hannunsa ba. Ku sa shi ya tuge wake ɗaya mai mako 5, ya wanke saiwar a bokiti. Zai ga 'yan ƙurarraji zagayayyu manne da ita kamar ƙananan duwatsun ado. Ya matse ɗaya da farce, cikinsa ja-ja ne. Daga nan sai malami ya ce masa wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune a ciki, suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska suna ba shukar, shi ya sa ƙasar da aka noma wake ke ƙara ƙarfi. Wannan darasin ba ya fita kai.

Lissafi ma haka. A jera iri 10 a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a duba bayan kwana 5 zuwa 7. In 7 sun tsiro, ga kashi 70 cikin ɗari a gaban yaro, ga kuma hujjar da za ta sa a ƙara iri a rami ko a sake saye. Awon tsawo da faɗin kwami, lissafin kewaye da fili, yawan dashen da zai shiga in an bar santimita 25 tsakani, auna tsayin shuka kowane mako a zana jadawali, duk suna cikin manhajar aji 3 zuwa 6. Akwai kuma yaran da zaman benci ke yi wa wuya, waɗanda a aji ba a jin sunansu sai wajen tsawa. Sau da yawa a lambu ake gane suna da ido da hannu, kuma yaron da aka yaba wa sau ɗaya a gaban 'yan ajinsu yakan koma aji da wani hali daban. A makarantar da filinta duk siminti ne da kwalta, 'yar inuwa da danshin da lambu ke kawowa ma abin so ne. Birnin Paris ya soma fasa daɓen filayen makarantunsa yana shuka a wurin tun 2018 saboda zafi.

Tunanin ba sabo ba ne. Friedrich Fröbel, masanin ilimin yara, ya ba ƙananan yara kwamin shuka a makarantarsa ta Jamus tun wajen 1840, jihar California ta Amurka ta ƙaddamar da shirin lambu a kowace makaranta a 1995, ma'aikatar ilimi ta Filifin ta soma nata a 2007. Sanin yadda ake shuka bai taɓa zama matsala ba. Abin da ke kashe lambun makaranta abu huɗu ne: ƙasa marar kyau, rashin ruwa, dogon hutu, da tafiyar malamin da ya ɗauki abin a kansa shi kaɗai.

Ƙasa tukuna, domin a nan ne lambun gari ya sha bamban da na ƙauye, kuma a nan ne kuskure ke iya cutar da yara. Ƙasar cikin gari na iya ɗauke da dalma. Takan fito daga tsohon fenti da ke ɓarewa daga bango, da hayaƙin fetur mai dalma wanda sai a 2021 aka daina sayar da shi ga motoci a duk duniya, da wuraren fasa batir, da ƙona shara. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan a saman ƙasa shekaru da yawa bayan abin da ya kawo ta ya gushe. Ba a ganinta, ba ta da wari, shuka kuma na iya yin kyau shar a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadinta a jinin yaro da za a kira marar illa ba, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Hanyar da ta fi shiga jiki ita ce ƙura da ƙasar da ke manne a hannu, a ganye, a jikin karas, fiye da wadda shuka ke tsotsa. Yaran firamare kuwa hannu a baki suke.

Saboda haka ku binciki tarihin filin. Ku tambayi tsofaffin ma'aikata da maƙwabta: an taɓa yin juji a nan? Garejin kanikawa? An rushe tsohon gini? Sai ku ɗebi samfuri daga wuri 8 zuwa 10 a faɗin filin, daga sama zuwa zurfin santimita 15, ku gauraya a bokitin roba mai tsabta, ku kai rabin kilo ɗakin gwaji na jami'a ko na ma'aikatar gona. Ku ce musu a fili kuna son gwajin dalma, don gwajin ƙasa na yau da kullum abincin shuka da tsamin ƙasa kawai yake dubawa. Ƙasar gindin bango da ta bakin titi a gwada su daban, kada su ɓuya cikin sauran. Don ku sami abin kwatance, hukumar kare muhalli ta Amurka ta rage ma'aunin da take sa wa ƙasar gidajen zama ido daga miligiram 400 zuwa 200 na dalma a kowane kilon ƙasa a 2024. In gwaji ya gagara, ku ɗauka ƙasar ba ta da kyau. Ku shimfiɗa abin da zai raba, kamar buhunan saƙa masu barin ruwa ya wuce, ku gina kwami a kai, ku kawo ƙasa daga wurin da kuka san tarihinsa, ku rufe hanyoyin da ke tsakani da tsakuwa ko ɓawon itace don kada ƙura ta tashi. Ku nisanci gindin tsohon bango mai fenti da aƙalla mita 3, bakin babban titi kuma gwargwadon yadda fili ya ba ku dama.

Rana abu ne mai sauƙin dubawa, amma ana mantawa. Tumatir, wake da kokwamba na son awa 6 zuwa 8 na rana kai tsaye, ganye kan yi haƙuri da 4 zuwa 5. A gari, bene da katanga ke cinye rana. Ku sa 'yan aji 5 su fita ƙarfe 8, 10, 12 da 2, su zana iyakar inuwa da alli ko toka. Darasi ne a kansa, kuma zai nuna muku inda kwami zai zauna.

Ruwa ne zai yanke girman lambun, ba faɗin fili ba. A yanayi mai sanyi-sanyi kayan lambu na shan lita 25 a kowane murabba'in mita a mako. A lokacin zafi da bushewa abin kan kai lita 5 zuwa 7 a rana. Kwami 6, kowanne faɗin santimita 90 da tsawon mita 3, sun haura murabba'in mita 16 kaɗan. A ranar zafi wajen lita 100 ke nan, butar ban ruwa mai lita 10 sau 10. Yara za su iya wannan. In kun ninka shi sau 5, ya zama aikin ƙarfi, kuma ranar da famfo ya ɗauke kwana 3 an yi asarar zango guda. Butar da za ku ba yaro kada ta wuce lita 5, wato kilo 5, kuma wurin ɗiban ruwa kada ya wuce taku 20 zuwa 30 daga kwami, in ba haka ba rabin darasin a hanya zai ƙare. Rufin makaranta ma rijiya ce da ba a haƙa ba: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai tara wajen lita 800 daga ruwan milimita 10 bayan an cire wanda ya zube. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya tafi. Tanki ya kasance a rufe da kwaɗo, na farko don sauro na ƙyanƙyashewa cikin mako guda ko kwana 10 a ruwan da ke buɗe, na biyu don buɗaɗɗen tanki ko rijiya a makarantar yara haɗari ne da ba a wasa da shi. Ruwan kwata kuwa kada ya kusanci abin da yara za su ci.

Na ambaci santimita 90 da gangan. Littattafan lambu kan ce mita 1.2, amma wannan hannun babba ne. Yaro ba ya kai hannu fiye da santimita 45, in bai kai tsakiya ba zai taka, ƙasar da aka tattake kuma ba ta shan ruwa, saiwa ba ta ratsa ta. Tsayin bangon kwami santimita 25 zuwa 30 ya isa, da bulo ko katako. A guji katakon da aka jiƙa da maganin gara, da tsohon katakon layin dogo, saboda gubar da ke jikinsu. Kowane kwami irin wannan zai ci ƙasa kimanin kubik mita 0.8, wato baro 12 zuwa 14, kuma za ta zauna bayan ban ruwan farko, sai an ƙara. Hanyar da ke tsakani ta kai mita 1, don yara 10 za su tsaya a ciki, in akwai mai keken guragu kuma a ba da mita 1.2. Haɗin ƙasa: kashi 2 ƙasar sama, kashi 1 ruɓaɓɓen taki, in ƙasar yumɓu ce mai danƙo a ƙara mata takin, ba yashi kaɗan ba, don yashi kaɗan cikin yumɓu ƙara mata tauri yake. Tsamin ƙasa tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin pH ya dace da kusan duk abin da za ku shuka, kuma a wannan matakin, tare da taki mai yawa, shuka ba ta cika tsotsar dalma ba.

In filin daɓe ne, buhu da bokiti sun wadatar. Ganye na son zurfin santimita 20, tumatir ɗaya bokiti mai lita 20, duk a huda gindinsu. Sai dai sun fi kwami saurin bushewa, a zafi sai an ba su ruwa safe da yamma. Masu sha'awar hawa kan rufi su sani jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 30 ta kai kilo 500 a murabba'in mita. Ba a ɗora wannan a kan ginin da yara ke zaune ƙarƙashinsa sai injiniya ya duba ya sa hannu.

Ɗanyen kashin dabba bai dace da lambun yara ba. Yana ƙona saiwa, yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ƙa'idar noman da ba na sinadari ba a Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, wannan kuwa ya kai tsawon zango ko ya fi. Ku nemi wanda ya ruɓe har ya koma baƙi, ba wari, ko ku haɗa naku: busasshen ganyen da ake sharewa a harabar makaranta kashi 2 zuwa 3, ɗanyen ganye da ɓawon kayan marmari kashi 1, tsibi mai mita 1 ta kowane gefe, da danshin da in an matsa a hannu ɗigo ɗaya ko biyu zai fito. Cikin kwana 3 zuwa 5 tsakiyarsa zai yi zafi, har digiri 55 zuwa 65, yara su cusa sanda su zaro su taɓa. A juya shi duk mako 2, ya nuna cikin wata 2 zuwa 3. In yana wari, ruwa ko ɗanyen ganye ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. In bai yi zafi ba, ya bushe ne ko ya yi ƙanƙanta. Kada a zuba ragowar dafaffen abinci, nama ko mai, ɓeraye za ku gayyato.

Sai abin da za a shuka, kuma a nan kalandar makaranta ce ke mulki. Zango mako 12 ne ko 13. Ku cire makon farko na dawowa da mako 2 na bita da jarrabawa, abin da ya rage bai wuce kwana 60 zuwa 70 ba. Sai ku ƙirgo baya daga ranar da kuke son girbi. Alayyafo kwana 25 zuwa 30, radish (wata 'yar saiwa da ake ci ɗanya kamar karas) haka, latas na tsinka 35 zuwa 45, koren wake marar yaɗo 50 zuwa 60, kokwamba 50 zuwa 65. Karas na son 70 zuwa 80, sai an shuka shi a makon farko. Tumatir na cin mako 4 zuwa 6 a wurin reno, sannan kwana 60 zuwa 85 bayan dashe, ma'ana in an shuka shi farkon zango a hutu zai nuna, waɗanda suka yi wahalarsa ba za su gani ba. Kowa na son tumatir, amma ni ba na ba da shawararsa a shekarar farko: ga tsawon lokaci, ga ciwo, ga tsutsa, ga zubar da fure in zafin rana ya haura digiri 35. Latas ma irinsa ba ya tsirowa da kyau in ƙasa ta kai digiri 30. Ku fara da iri 3 ko 4 masu saurin fitowa da suka dace da yanayinku, ku tambayi malamin gona ko masu lambu na kusa watan da kowanne ke yi.

Kurakuran shuka kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yara na binne iri da zurfi. Ƙa'ida ita ce zurfin ya ninka kaurin irin sau 2 ko 3: wake santimita 3, karas da latas rabin santimita. A yi wa kowane rukuni ɗan tsinke mai alama. Ƙananan iri a gauraya su da busasshen yashi kafin a barbaɗa, don kada su taru wuri guda. Bayan tsiro sai an rage, karas santimita 5 tsakani, wake 10 zuwa 15, latas 25. Yara ba sa son cire abin da suka shuka, malamai ma haka, sai a tashi da karas sirara kamar zare. A bar layi ɗaya ba a rage ba, a kwatanta ranar girbi. Wani abin kuma da ke karya gwiwa: tsiro ya fito lafiya, washegari a same shi kwance, in an duba gindin dab da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Ciwon naman gwari ne, wato ƙwayar cuta irin ta funfuna, kuma yawan ruwa da cunkoso ke kawo shi. Kusan kullum dalilin shi ne kowane aji da ya wuce sai ya zuba. Maganinsa allo a bakin lambu mai nuna ajin da ke da ban ruwa yau, da gwajin yatsa: a cusa shi zuwa gaɓa ta biyu, in akwai danshi a bari. A yi dashe da yamma ko ranar gajimare, a zuba ruwa a gindi ba a ganye ba, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 8 bayan shuka ta kama.

Maganin ƙwari na sinadari ba shi da gurbi a lambun firamare, ko a sito kada a ajiye. Lambu ƙarami ne, idanu kuma da yawa. Tsutsa a tsince ta da hannu, a riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa sau 2 a mako. Darɓa da farin ƙuda a wanke su da ruwa, in sun yi yawa babba ya fesa ruwan sabulu marar turare, kimanin cokali 1 a lita, da yamma, bayan an gwada a ganye kaɗan. Shukar da ganyenta ya murɗe ya yi dabbare-dabbare a tuge ta a fitar, ba ta warkewa. A sauya wa kowane iri kwami duk zango. Shinge ma wajibi ne, saboda dabbobi da ƙwallo, kuma a tabbata babu zurma ko zaƙami a kusa, domin 'ya'yansu guba ne kuma suna jan hankalin yara. A tanadi sabulu da ruwa a bakin ƙofa, a wanke hannu bayan kowane aiki, ba a shiga ba takalmi, duk ciwon da ƙarfe ko ƙasa ta taɓa a wanke a sanar da iyaye saboda tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki.

Aji mai yara 50 ba ya shiga lambu gaba ɗaya. A raba su rukuni 5, ɗaya a kwami, ɗaya a wurin taki, ɗaya na awo, ɗaya na zane da rubutu, ɗaya na ɗiban ruwa, a juya duk minti 8 zuwa 10 ko duk mako. Minti 40 a mako ga kowane aji ya isa, in dai a jadawali yake, a cikin lokacin kimiyya ko noma, kuma malamin ya san abin da zai koyar kafin a fita. Kowane aji da kwaminsa, da sunansa a jiki. Ƙananan kayan aiki sun fi manya amfani, a ƙirga su kafin da bayan darasi, manjagara haƙoranta ƙasa, bakin fartanya kada ya wuce gwiwa. Aiki mai nauyi, haƙa da ɗaukar ƙasa, na manya ne, a kira iyaye ranar da ba makaranta. Abu ɗaya kuma da nake roƙonku, Malama: kada a tura mai laifi ko wanda ya makara cire ciyawa. Ranar da lambu ya zama wurin horo, abin da yara za su koya shi ne noma hukunci ne, kuma babu darasin da zai goge wannan.

Dogon hutu a shirya masa tun ranar farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe lambun: a girbe komai makon ƙarshe, a zuba taki, a rufe da ciyawa mai kauri, ko a watsa wake ya rufe ƙasa in lokacin ruwa ne, a sare shi a binne mako 2 kafin sabuwar shuka. In akwai abin da dole ya rayu, a binne tukunyar ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar kwami, a cika, a rufe bakinta, tana tsatso ruwa a hankali, cikawa sau 1 ko 2 a mako. Jadawalin iyaye na aiki ne kawai in an rubuta suna da rana, an kuma warware batun mabuɗi. In maigadi ne zai yi, a yi magana da shi a fili, a ba shi haƙƙinsa, kada a ɗora masa a matsayin alfarma.

Game da masu kula, mutum 3 ne mafi ƙaranci: malamai 2 da mutum 1 daga iyaye, kuma malamin da ke jagora a rage masa wani aikin, ko darasi 2 ne a mako. Wannan ce amsar da za ta gamsar da malaman da ke ƙorafi, ba lacca ba. A ajiye littafi guda a ofis: taswirar kwami, abin da aka shuka da ranarsa, inda aka sayo iri, sakamakon gwajin ƙasa, nauyin girbi, abin da ya lalace da dalilinsa. In an yi wa malami canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya tarar da abin kamawa. A kasafi a tuna cewa ginin farko sau ɗaya ne, amma iri, taki, gyaran tiyo da buta da shinge na kowace shekara ne, masu ba da gudummawa kuwa sun fi son na farkon.

Rabon girbi a yanke shi kafin shuka, a rubuta, a karanta wa yara. Mafi kyau shi ne ajin da ya noma ya fara ɗanɗanawa a nan take, bayan an cire ganyen waje, an kankare karas, an wanke da ruwa mai tsabta, sauran kuma a ƙulla kowa ya kai gida ko da ganye 5 ne, tare da 'yar takardar da yaron ya rubuta da hannunsa yadda aka shuka. Ta nan ne lambun ke isa ga masu cefane. In za a sayar da wani abu, 'yan aji 6 su riƙe lissafin, a manna shi a allon sanarwa, kuɗin ya koma sayen iri. Yara na lura da inda kwandon farko ya nufa, in suka ga ya shige ofishin malamai, zango mai zuwa da ƙyar za ku sami mai ɗaukar buta.